Jinyar ciwon gwiwar hannu ba tare da allura ko tiyata ba

Lokacin yankan shinkafa a fadamun Argungu da Suru, mutane da yawa sukan fara kukan ciwo a gefen gwiwar hannu ta waje, daidai kan ƙashin nan da ya ɗan fito. Ɗaukar buta ta gagara, musabaha ta zama azaba. Turawa suna danganta shi da 'yan wasan tanis, amma a nan mai lauje yake kamawa, da mai jan koma, da maƙeri, da matar da ke daka ko matse wanki. Ya fi yawa tsakanin masu shekara 30 zuwa 50.

Ƙashi bai goce ba, don haka babu abin da maɗori zai ɗora. Jijiyar da ta haɗa tsokar ɗaga wuyan hannu da ƙashin gwiwa ce ta gaji saboda yawan damƙa da murɗa. Ƙaho da tsaga ba sa isa gare ta, sai dai su bar miki.

A makonni biyun farko a rage aikin da ya jawo shi, amma kada a rataye hannun gaba ɗaya, domin jijiyar da aka daina mora rauni take ƙarawa. Duk abin da za a ɗauka, a tallafo shi tafin hannu na kallon sama, gwiwa kusa da jiki. Idan ƙotar lauje ko fartanya siririya ce, a naɗe ta da tsumma ta yi kauri. Damƙar takan yi sauƙi. Bayan aiki a naɗe ƙanƙara a ƙyalle a ɗora minti 10 zuwa 15. Akwai kuma ɗamarar hannu da ake samu a wasu kemis: ana ɗaura ta kan tsoka, kamar yatsu uku ƙasa da wurin ciwon, ba a kan ƙashin ba. Idan yatsu suka fara sagewa, an matse ta da yawa. A cire ta da dare.

Ainihin maganin motsa jijiyar ne. A miƙe hannu gaba, tafi na kallon ƙasa, a sa ɗaya hannun a lanƙwasa wuyan hannun ƙasa har a ji tsokar ta ja. A tsaya daƙiƙa 30, sau uku.

Sai na biyu, wanda ya fi muhimmanci. A ɗora hannu kan tebur ko cinya, wuyan hannu ya leƙo waje, tafi na kallon ƙasa, a riƙe gorar ruwa mai rabin lita, wato nauyin rabin kilo. Da lafiyayyen hannun ake ɗaga wuyan hannun sama, sannan hannu mai ciwon ya sauke gorar shi kaɗai a hankali, ana ƙirga ɗaya zuwa biyar. Saukewar nan ita ce aikin, kuma ita mutane suka fi yi wa gaggawa. A yi sau 15, a huta minti ɗaya, a maimaita har zagaye uku, kullum. Ɗan zafi lokacin yi ba laifi. In ya kwana ya ƙaru, nauyin ya yi yawa, a rage ruwan. In ya zama wasa, a koma gorar lita ɗaya.

Kada a sa ran sauƙi na sosai kafin mako 6 zuwa 12, kuma yawancin mutane sukan warke cikin shekara. Allurar kashe kumburi tana kwantar da zafin na 'yan makonni, amma ciwon yakan dawo, shi ya sa ba a gaggawar ba da shawararta.

Idan gwiwar ta kumbura ta yi zafi, ko ta ƙi miƙewa, ko yatsu suna mutuwa, ko ciwon daga wuya yake saukowa, ko faɗuwa aka yi, wannan wani abu ne daban. A je asibiti a nemi sashen gashin ƙashi. Haka ma in an yi wata uku ana motsawa babu canji.