Kurakuran Da Ake Yi Wajen Kiwon Karen Kokeshiyan

Asalin karen Kokeshiyan daga duwatsun Kokasus ne, wajen Jojiya da Armeniya da Azarbaijan da kudancin Rasha. Can makiyaya ke barinsa da tumaki cikin dusar ƙanƙara ya tare kerkeci shi kaɗai, ba mai ce masa yi ko bari. Namiji idan ya girma ba ya kasa kilo 50. Yanzu ya shigo gidajen masu hali a Abuja da Jos da Kaduna, kuma akasarin wahalar da yake sha, masu shi ne suke jawo masa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaure shi da sarƙa tun yana kwikwiyo, wai don ya yi zafi. Ai gadi a jininsa yake, ba sai an koya masa ba. Abin da yake buƙata a koya masa shi ne sanin na gida. Kafin ya cika wata huɗu ya kamata ya saba da muryar yara, da ƙarar babur, da mai kawo ruwa, da awakin gidan. In aka kulle shi bayan gida, maigadi kaɗai yake gani, ranar da sarƙa ta tsinke ba zai bambance ɓarawo da ɗan maigida ba. A riƙa fita da shi da igiya kullum, ana yi masa magana, ana ba shi ɗan nama idan ya bi umarni. Duka ba ya gyara wannan kare, taurin kai yake ƙara masa.

Sai zafin rana. Na taɓa ganin wani a keji mai rufin kwano cikin watan Afrilu, ya kwanta a siminti, harshe waje, yana haki kamar numfashinsa zai ɗauke, kwanon ruwansa ya bushe ƙaf. Mai shi ya ce gobe zai kai shi aski. Askin ma wani kuskuren ne: gashinsa hawa biyu ne, na sama yana kare fata daga rana. A taje na ƙasan da ke zuba, a ba shi inuwa mai iska da ruwan sanyi, yawo kuma sai da asuba ko bayan magariba. Lokacin tajewar ne ake ganin kaska, wadda ke ɓuya a kunne da tsakanin yatsu tana sa masa ciwon da ke cinye jini.

Wajen abinci, mutane na ɗura wa kwikwiyo don ya yi saurin girma, har da ƙarin maganin ƙashi. Nauyi ya riga ƙashi ƙwari, ƙugu ya lalace, ka ga kare ɗan shekara biyu yana ɗingishi. Babba kuma a raba masa abinci sau biyu, kada ya yi gudu da ya gama ci, don cikinsa na iya kumbura ya murɗe, kuma hakan na kisa cikin 'yan sa'o'i. Ragowar miya mai albasa ba tasa ba ce, tana lalata masa jini.

Allurar haukar kare ana yin ta yana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya rubuta, a kuma adana katin.