Kurakuran da iyalai suka fi yi a Disney World

Magidanci ya biya kuɗin jirgi zuwa Olando a Amurka, ya kama otal, ya yanki tikitin Walt Disney World, katafaren wurin wasanni da shaƙatawa, amma maganar ciki ba ta faɗo masa ba sai da yara suka fara kukan yunwa. Yawancin iyalai daga nan suke fara tuntuɓe.

Gidajen abincin da ake zama a kawo maka suna fara karɓar ajiyar tebur ne saura kwana 60, kuma masu farin jini irin Cinderella's Royal Table, wanda ke cikin gidan sarauta na Magic Kingdom, ɗaya daga filayen wasan wurin, nan da nan suke cika. Ana buɗewa wajen shida na safe agogonsu, wato sha ɗaya na safe a Kano ko Yamai a watannin zafinsu, sha biyu a lokacin sanyi. Ka sa ƙararrawa a waya. Wanda ya sauka a otal ɗin Disney yana da gata: a ranar zai iya kama teburan duk zamansa, har kwana 10. Mai son naman halal ya nema tun da wuri, kada ya bari sai an ajiye masa faranti.

Sai dai wasu garin neman gira suke rasa ido. Su kama tebur safe, rana da dare, wani ma a filin da ba shi za su shiga ranar ba. Filayen huɗu ne, Magic Kingdom, EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom, kuma ba a jere suke kamar rumfunan kasuwa ba. Tsakanin jiran bas da tafiya sai awa guda ta salwanta. Ka fara tsai da filin kowace rana, sannan ka nemi tebur a cikinsa. Ni a ganina zama ɗaya a yini ya isa, tunda an yarda a shiga da guzuri muddin ba a kwalba ba. In kuma ba za ku je ba, ka soke a kan lokaci, don a yawancin gidajen rashin zuwa na jawo cajin dala 10 kan kowane mutum.

Akwai kuma batun tsawo, wanda ba shi da wuyar gyara: ka auna yara tun a gida. Space Mountain, wani jirgin wasa mai gudu, ba ya ɗaukar yaron da bai kai santimita 112 ba. Babu abin tausayi kamar yaron da aka yi wa alkawari wata guda, ya tsaya a jikin ma'auni yana ɗage, ma'aikaci ya girgiza kai.

Na ƙarshe shi ne son cinye filin daga buɗewa har wasan wutar dare, don "ai mun biya". Daga Yuni zuwa Satumba rana na dukan ƙwarai, da la'asar kuma hadari ya taso da tsawa, a tsai da wasannin da ke waje. Ku yi sammako kafin a buɗe ƙofa, lokacin layi bai yi tsawo ba. Da azahar ku koma masauki, a yi salla, yara su ɗan runtsa, in gari ya yi sanyi a sake fitowa da tikitin ranar.