Kafin ku kai kasuwancinku Instagram

Salamu alaikum 'yan uwa 'yan kasuwar Kumasi. Masu tambaya ko su buɗe shafi a Instagram, ku fara duba ko kayanku ido ne ke sayensu. Mai ɗinkin kaftani a Aboabo, mai zanen lalle, mai atamfa da mayafi a Kejetia, waɗannan hoto na yi musu aiki sosai. Amma in buhun masara kake sayarwa a sari, Alhaji, masu sayenka waya suke bugowa, WhatsApp ya ishe ka.

Su wa ke sayen kayanki, Hajiya? In amare ne da 'yan uwanmu na Amurka da Ingila masu aiko kuɗin ɗinkin Sallah, suna Instagram. Dattawa kuwa da wuya.

Hoto na cin lokaci da data, wannan kam ba a cika faɗa ba. Shaddar da aka ɗauka da dare ƙarƙashin fitila launinta na canjawa, mai saye ya ga wani abu daban ya dawo da kaya. Ki fito da ita bakin ƙofa da safe, ki ɗauki aikin wuya daga kusa, ki rubuta farashi a sidi.

Ku mai da shafin na kasuwanci, kyauta ne, zai nuna muku yawan waɗanda suka gani. Ku gwada wata biyu, duk wanda ya biya ta MoMo ku tambaye shi inda ya gan ku. Don Allah kada ku biya kuɗin talla kafin nan.