Yadda ake kula da man birki kafin a kama hanyar Ngaundere

Duk direban da ya taɓa saukowa daga Ngaundere zuwa Garwa ya san gangaren Falez, inda ƙafa ke daɗewa a kan birki har a ji ƙauri. A nan tsohon man birki ke tona wa kansa asiri. Wannan mai yana zuƙar danshin iska a hankali, musamman da damina. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa 155 ma ya ishe shi. Da ya tafasa, sai ka taka birki ya nutse har ƙasa, mota na ci gaba da tafiyarta.

Ka fara da tsayar da mota a wuri shimfiɗaɗɗe, ka ɗaga bonet. Robar man tana can ciki ta ɓangaren direba. Goge murfin da tsumma kafin ka buɗe, don ƙurar hunturun Marwa ba wasa ba ce. Mai ya zauna tsakanin layin MIN da MAX. Sabo kamar tataccen man gyaɗa yake. In ya koma kalar baƙin shayi, ya gama aiki.

In ya yi ƙasa, kada ka yi saurin cikawa. Ko dai takalman birki sun cinye, ko wani wuri na yoyo. Leƙa bayan kowace taya, ka duba tiyo ko ya jiƙe.

Wajen ƙari, karanta abin da aka rubuta a murfin. DOT 3 da DOT 4 suna haɗuwa, amma DOT 5 na silikon ne, ba ya shiri da su. Man inji kuwa ko ɗigo, kumbura robobi yake yi. Sayi kwalba mai hatimi. Man birki ba zuwa-zuwa ba ne, wato fetur ɗin bumburutu da za a auna maka a bakin titi. In ya zuba a jikin mota, wanke da ruwa nan take, yana cin fenti.

Duk shekara 2 a canza shi gaba ɗaya, ko da bai ragu ba. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya taka birki sau uku ya riƙe, bakanike ya sassauta ɗan noti na bayan taya, tsohon mai da iska su fito ta siririn tiyo, ya ɗaure kafin a ɗaga ƙafa. A yawancin motoci da tayar baya ta dama ake farawa, ita ta fi nisa da robar. A riƙa ƙara mai, don in robar ta ƙafe, iska ta shiga, an koma farko.

Kafin ka bar gareji, taka birkin. In ya yi laushi kamar soso, ka ce: "Maigida, akwai sauran iska, a sake."