Kurakuran da Aka Fi Yi Game da Inda Ake Ƙera Gilasan Kyamara Masu Tsada

Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin masu ɗaukar hoto shi ne ɗaukar cewa duk gilashin kyamarar da ke ɗauke da sunan Jamus, a Jamus aka ƙera shi. Kamfanin Zeiss ya fara ne a garin Jena na Jamus a 1846, kuma har yau yana ƙera manyan gilasansa na ɗaukar fim a garin Oberkochen na Jamus, amma jerin gilasansa na Otus da Milvus kamfanin Cosina ne ya ƙera su a lardin Nagano na Japan, bisa zane da sharuɗɗan Zeiss. Haka nan gilasan Leica DG na kyamarorin Lumix, masu ɗauke da sunan kamfanin Leica na Jamus, aikin kamfanin Panasonic na Japan ne. Gyaran wannan kuskure shi ne a duba rubutun ƙasar ƙira da ke jikin gilashin, galibi kusa da bakin da ake ɗaura shi a kyamara, kafin a biya kuɗin Jamus a kan kayan Japan.

Kuskure na biyu ya fi wannan cutarwa, domin yana sa mutane su bar kaya mai kyau. Da yawa suna ganin rubutun Tailan ko Sin ko Biyetnam sai su ce jabu ne ko na biyu. Nikon ta kafa masana'antarta a Ayutthaya ta Tailan tun 1990, Sony na ƙera wasu daga cikin manyan gilasanta na jerin G Master a Tailan, Tamron kuma na da masana'antu a Foshan ta Sin da Hanoi ta Biyetnam ban da na Aomori ta Japan. Leica kanta tana da masana'anta a Fotugal tun 1973, kuma a Midland ta Kanada ne Walter Mandler ya zana fitaccen gilashinta Noctilux mai buɗewar f/1, wato mai faɗin ƙofar shigar haske sosai. A ganina, wanda ya raina gilashin Leica don an rubuta Kanada a jikinsa ya raina ɗaya daga cikin mafi kyawun ayyukan kamfanin.

Duk da haka, akwai dalilin da ya sa mafi wuyar aiki yake tsayawa a ƙasar asalin kamfanin. Canon tana ƙera akasarin manyan gilasanta na jerin L a Utsunomiya ta Japan, Sigma kuma ta tattara ƙirarta duka a masana'anta ɗaya a Aizu ta lardin Fukushima na Japan. Babban gilashi mai jawo nesa yana iya ƙunsar faifan gilashi fiye da goma sha biyar, kowanne sai an goge shi da daidaiton da bai kai kaurin gashi ba, an shafa masa rufin hana ƙyalli, sannan an jera su a kan layi ɗaya. Irin waɗannan ba a ƙera su da yawa, saboda haka arahar ma'aikata a wata ƙasa ba ta rage kuɗi sosai, alhali kusancin masu zane da masu gogewa, waɗanda wasunsu sun shafe shekaru da dama a kan aikin, yana sa a gano matsala a gyara ta nan take.

Wasu kuma suna zaton masana'anta ɗaya ce ke yin komai, alhali ɗanyen gilashin yakan fito ne daga kamfanoni irin su Ohara da Hoya a Japan ko Schott a Mainz ta Jamus.

Kuskure na ƙarshe shi ne dogara da sunan ƙasa a maimakon gwada wanda ke hannu, musamman ga mai sayen na hannu. Gilasai biyu daga masana'anta ɗaya suna iya bambanta idan ɗaya ya taɓa faɗuwa faifansa ya goce. A ɗaura shi a kyamara, a buɗe shi iyakar buɗewarsa, a ɗauki bango mai faɗi daga gaba sosai, sannan a kwatanta kusurwoyi huɗu na hoton. Idan ɗaya ta fi sauran dushewa, akwai matsala. A haska tocila ta cikinsa a nemi fumfuna da ƙura, a kuma tabbatar lambar jikinsa ta yi daidai da ta kwali.