Yadda ungozoma za ta koyi sanya robar tazarar haihuwa ta intanet

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, tafiya neman ƙarin horo ta yi wa ma'aikatan lafiya wuya, alhali matan Mai Wurno da Gadarif da Kasala ba su daina buƙatar hutu tsakanin haihuwa da haihuwa ba. Ungozoma ko likitar da ke da waya za ta iya fara karatun daga inda take, muddin ta san abin da intanet ke iya koyarwa da abin da sai hannu.

Da farko ta zaɓi kwas ɗin da aka gina a kan ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta kuma tambayi ma'aikatar lafiya ta jiharta ko ana karɓar takardar shaidarsa kafin ta kashe kuɗin data. Ta sauke bidiyoyin duk lokacin da aka samu wuta da sabis, domin ta riƙa maimaita su.

Darasin da ya fi cancantar a daɗe a kansa shi ne tantance macen da ta dace a sanya mata. Hukumar ta kasa yanayin lafiyar mace gida 4, daga wadda babu abin da zai hana ta har zuwa wadda ba za a sanya mata ba sam. Robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ke aiki shekara 10 ko fiye, ana sanya ta cikin awa 48 bayan haihuwa, in lokacin ya wuce sai an cika mako 4, kuma ba a sanya ta ga mai ciki ko mai ciwon sanyin mara da bai warke ba. Ashanar hannu kuwa, wato 'yar sandar da ake sanyawa a ƙarƙashin fatar damtse, Implanon NXT sanda ɗaya ce ta shekara 3, Jadelle sanda biyu ce ta shekara 5. Wajibi ne ta koyi yi wa mace bayani tun kafin aiki cewa al'adarta na iya sauyawa, domin rashin wannan bayani ne ke dawo da mata da yawa neman a cire.

Bayan ta ci jarrabawa, sai ta koma kan mutum-mutumin gwaji, ta auna zurfin mahaifa, ta loda robar a bututun da ake sanya ta da shi ba tare da hannu ya taɓa ta ba, ta kuma saba ajiye ashanar a ƙarƙashin fata kawai, nesa da jijiyoyin damtse. A ganina cirewa ta fi sanyawa buƙatar atisaye, musamman yanzu da gudun hijira ke kai mace garin da ba a nan aka sanya mata ba.

Kada ta taɓa mace ko ɗaya sai ƙwararriyar da ta saba aikin tana tsaye a gefenta, tana rubuta kowane aiki a littafi, har ta sa hannu cewa ɗalibar ta iya.