Garanti ya ƙare, mota ta lalace: kurakuran da ke sa mai saye ya rasa haƙƙinsa

Da zarar wa'adin garanti ya cika, yawancin masu sayen mota ta hannu sai su ɗauka magana ta ƙare. Giya ta soma fizga, inji ya soma shan mai, ka koma wurin dila ya buɗe maka takarda ya ce wata ukun da ya ba ka sun wuce. Sai ka ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ka nufi gareji. Wannan shi ne babban kuskure, kuma sauran daga gare shi suke tsirowa.

Garanti alkawari ne da mai sayarwa ya ƙara da bakinsa. Ƙarewarsa ba ta shafe abin da doka da shari'a suka ɗora masa. A Najeriya akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta kuma haramta wa ɗan kasuwa yaudarar mai saye game da halin kayansa. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a na Arewa ke aiki da shi kuwa, wanda ya sayi kaya da tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da damar mayar da shi. Saboda haka tambayar da alƙali zai yi ba ita ce yaushe garanti ya ƙare ba. Zai tambaya ne: aibin nan yana jikin motar tun ranar ciniki, ko a hannunka ya faru?

A nan ne ya kamata mutum ya yi wa kansa adalci. Motar da ta yi shekara goma sha biyar a kan titi dole birki ya cinye, batir ya mutu, roba ta tsage. Wannan tsufa ne, babu kotun da za ta biya ka a kansa. Abin da ake shari'a a kai daban ne: motar da ta nutse a ambaliya a Amurka aka wanke ta aka turo, wadda ta yi mummunan hatsari aka miƙe ta aka fesa fenti aka ce ba ta taɓa bugu ba, ko wadda aka juya mata mitar nisan tafiya ta koma baya.

Kuskure na biyu ya fi kowanne ciwo, domin da hannunsa mutum yake yi. Mota na lalacewa sai a kai wa bakanike ya farke inji, ya sauya kaya, a watsar da tsofaffin a bola. Bayan an kashe kuɗi sai a tuna da dila, shi kuma ya ce bakanikenka ne ya ɓata ta. Kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, a sa mata kwamfuta a buga sakamakon, a ɗauki hoto da bidiyo, a samu bakanike mai zaman kansa ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata da sa hannu. Duk abin da aka cire a adana shi. Idan motar 'yar Amurka ce, lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17 tana buɗe tarihinta a shafuka irin su Carfax: hatsari, ambaliya, da nisan tafiyar da aka rubuta mata kafin ta hau jirgin ruwa. Idan can an rubuta ta yi tafiya mai yawa, a nan kuma mita na nuna rabin haka, ka samu hujjar da ba ta buƙatar dogon bayani.

Sai jinkiri. Wani zai ga aibi ya yi shiru don kunyar dillalin da ya haɗa su, ya ci gaba da hawa wata da watanni. A wurin malaman Malikiyya, ci gaba da amfani da kaya bayan ka san aibinsa alamar yarda ce, kuma tana iya zubar da damar mayarwa. Kotun boko ma tana kallon dogon shiru a matsayin karɓar kaya. Ranar da ka gano, ranar za ka sanar, kuma a rubuce. Saƙon WhatsApp ya fi kiran waya, wasiƙar lauya mai ɗauke da wa'adi ta fi su duka. Kunya ba ta da wuri a nan. Dillali ya riga ya karɓi la'adarsa.

Akwai masu karaya don rasit ya ce an sayar da mota yadda take, ba a dawowa da ita. Irin wannan sharaɗi yana da ƙarfi a kan aibin da ke fili, wanda ka gani ko ya kamata ka gani lokacin dubawa. Amma ba ya wanke wanda ya san aibi ya ɓoye, ko ya yi ƙarya da aka tambaye shi. Don haka tallar da dila ya sa a Facebook da saƙonnin murya da ya turo yana rantsuwa cewa inji lafiya lau, kada ka goge su.

Wasu kuma caji ofis suke rugawa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin ciniki ko saɓa yarjejeniya kawai, kuma wanda ya sa aka tsare dila ba bisa ƙa'ida ba yana iya tsintar kansa ana neman diyya a wurinsa. 'Yan sanda na da hurumi idan akwai laifi na gaske, kamar motar sata ko takardun kwastan na jabu.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a fara da shugabannin ƙungiyar dilolin kasuwar da aka yi cinikin, domin dila na tsoron zubewar mutunci a gaban abokan sana'arsa. Idan ba a daidaita ba, akwai zauren sulhu na babbar kotu a jihohi irin su Kano da Legas, akwai kotun ƙananan ƙararraki da ake iya shiga ba tare da lauya ba idan kuɗin bai wuce iyakar da jihar ta sa ba, akwai kuma kotun shari'a ga Musulmi. Koke ga FCCPC yana aiki ne idan ɗan kasuwa ya sayar maka, ba maƙwabcin da ya sayar da motar hawansa ba.

Kuma kada ka kafe a kan sai an mayar maka da kuɗinka cif. Bayan ka yi watanni kana hawa, abin da aka fi samu shi ne kuɗin gyara, ko bambancin farashi tsakanin motar da lafiya da motar da aibi. Ka sa dila biyu su yi mata kuɗi a halayen biyu, su rubuta, ka tafi wurin sulhu da wannan takardar tare da rahoton bakanike.